Alanya: wuraren kallo da shaƙatawa

Alanya gari ne a kudancin Turkiyya, a bakin Bahar Rum, cikin lardin Antalya. Daga birnin Antalya tafiyar kimanin kilomita 135 ce zuwa gabas. Duwatsun Toros sun tokare garin ta arewa, ta kudu kuma wani tsauni ne ya kutsa cikin teku, ruwa ya kewaye shi ta ɓangare uku. Tsaunin nan shi ya raba gaɓar garin gida biyu, kuma a kansa tsohon gari yake. Akasarin baƙi rana da ruwa ke kawo su, amma gine-ginen da garin ke tinƙaho da su kusan duk aikin sarki ɗaya ne, wanda ya yi su cikin shekaru kamar goma.

Tarihi

A zamanin Girkawa da Rumawa sunan wurin Korakesiyon. Wuyar hawan tsaunin ta sa ya zama mafakar 'yan fashin teku, waɗanda suka addabi jiragen fatake har sai da janar ɗin Rum, Pompey, ya murƙushe su a gaban garin a shekara ta 67 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubutan dā sun ce daga baya Mark Antony ya ba Sarauniya Kiliyobatira ta Masar wannan yanki saboda katakon dazuzzukansa, wanda ake ƙera jirage da shi. A hannun Rumawan Gabas an koma kiran garin Kalonoros.

Wajen 1221 Sarkin Turkawan Saljuƙawa, Ala'uddin Kaikubad na ɗaya, ya yi wa garin ƙawanya. Mai riƙe da shi, wani Kirista mai suna Kir Fard, ya miƙa wuya, aka ba shi wata ƙasa a cikin tudu, sarki kuma ya auri 'yarsa. Kaikubad ya sa wa garin sunansa, Ala'iyya, ya mai da shi mazauninsa na lokacin sanyi da kuma tashar jiragen yaƙinsa. Daular Saljuƙawa a tsakiyar tudu take, hedikwatarta Konya, don haka samun ƙofa zuwa teku ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Wannan ne ya sa ya zuba dukiya a ginin garin.

Ibn Battuta ya sauka a nan a farkon shekarun 1330, a cikin jirgin fataken Jenowa da ya taso daga Lazikiyya, a gaɓar Siriya. Masana sun saɓa kan ainihin shekarar. Ya ambaci katakon da ake fitarwa zuwa Iskandariyya da Dimyat a Masar. Shi ne dai matafiyin da bayan shekara ashirin ya isa Takedda, a Nijar ta yau, ya kuma ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullarta. A 1427 aka sayar wa Mamlukawan Masar garin, sannan Daular Usmaniyya ta karɓe shi a 1471. Sunan Alanya ya tabbata ne a shekarun 1930, lokacin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko.

Ganuwa da tsohon gari

Ganuwar ta bi kan tsaunin tana hawa tana sauka, tsawonta kimanin kilomita 6.5, da hasumiyoyi wajen 140. Ƙololuwarta ta kai mita 250 daga saman ruwa. Da yake babu maɓulɓula a can sama, an haƙa ɗaruruwan rumbunan tara ruwan sama, wasu har yau ana iya leƙa su. A cikin ganuwar ciki akwai kufan fadar sarki da wata ƙaramar majami'a ta zamanin Rumawan Gabas, wadda Saljuƙawa suka bari a tsaye. Ƙasa kaɗan akwai Masallacin Sulaimaniyya, wanda aka sāke ginawa a ƙarni na 16 a kan harsashin na farko, da tsohuwar rufaffiyar kasuwa a gefensa.

A bakin wani gangare mai tsayi masu yi wa baƙi jagora kan ba da labarin cewa nan ake jefa waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, bayan an ba mutum duwatsu uku ya jefa: in ɗaya ya faɗa ruwa, ya tsira. Labarin baka ne.

Har yanzu da mutane a cikin ganuwar. A ƙofar gidajensu ake baje kolin mayafai da fitilun duma: busasshen duma ne ake hudawa da zane, a cusa ƙananan duwatsun ado masu launi a hudojin, a sa ƙwan lantarki a ciki. Tun 2017 akwai keken sama mai bin igiyar ƙarfe daga bakin ruwa zuwa saman tsaunin. Mai hawa da ƙafa kuwa gara ya yi sammako, don zafin rani ba ya wasa.

Jar Hasumiya da maƙerar jirage

Jar Hasumiya, ko Kizil Kule, ita ce tambarin garin. An kammala ta a 1226, maginin kuma mutumin Halab ta Siriya ne, Abu Ali al-Kattani. Kusurwa takwas gare ta, hawa biyar, tsayinta mita 33. Gindinta dutse ne, samanta jan tubali. A tsakiyarta akwai rumbun ruwa, don masu gadi su jure ƙawanya, a bangonta kuma an bar ƙananan tagogi na harbi da ramukan kwararo wa abokan gaba abu mai zafi. An gyara ta a shekarun 1950, yanzu gidan tarihi ce.

Daga nan siririyar hanya ta bi gindin ganuwa zuwa maƙerar jirage, wadda aka gina shekara ɗaya ko biyu bayan hasumiyar. Zauruka biyar ne masu bakan gizo, bakinsu a buɗe ga teku, ruwa na shiga har ciki, haske kuma na saukowa ta ramukan rufi. A gefen ƙofar shiga akwai ɗan masallaci da ɗakin masu gadi. Baƙi da yawa kan tsaya a hasumiya su juya, alhali wannan gini ya fi ta ban mamaki.

Koguna

Kogon Damlatash an gano shi ne a 1948, ana fasa dutse don aikin tashar jiragen ruwa. Ƙarami ne, ɗuminsa ba ya wuce digiri 22 zuwa 23 rani da damina, iskarsa cike da laima. Masu ciwon asma kan zauna a ciki neman sauƙi; amfanin hakan ana taƙaddama a kai. Gano shi na cikin abubuwan da suka fara jawo baƙi garin. Kogon Dim, a gabas, ya fi shi girma, an buɗe shi ga jama'a a 1998.

Bakin ruwa da sauran nishaɗi

Gaɓar Kiliyobatira tana yamma da tsaunin. Yashinta manyan ƙwayoyi ne, ruwan kuma yana zurfi da wuri, abin lura ga mai yara. Ta gabas ta fi tsawo, otal-otal sun jeru a bayanta. Ana wanka daga Mayu zuwa Oktoba.

Jiragen yawo da aka yi wa ado irin na 'yan fashin teku suna zagaya tsaunin, su tsaya a bakin kogunan cikin ruwa, da kiɗa mai ƙarfi. Iyalan garin sun fi son Kogin Dim, inda gidajen abinci suka kafa dandamali a kan ruwan sanyi, ana cin gasasshen kifi a zaune kan matasai. Gidajen rawa suna kusa da tashar jirage. Gonakin ayaba sun rufe gangaren gabas. Gidan tarihin garin, na 1967, yana da mutum-mutumin tagulla na Harkilis, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa.

Zuwa da zama

Filin jirgin sama na Gazipasha yana kimanin kilomita 40 daga garin, amma yawancin baƙi ta Antalya suke sauka. Jamusawa da Rashawa da mutanen arewacin Turai sun sayi gidaje da yawa. Mazauna na kukan tsadar haya, kuma a 2022 gwamnati ta daina ba baƙi sabon izinin zama a wasu unguwanni.