Dutse ba ya narkewa kafin ya rikiɗe

An daɗe ana ɗauka cewa sai dutse ya narke a ƙarƙashin ƙasa ya sake daskarewa kafin ya zama rikiɗaɗɗen dutse, wato dutsen da zafi da matsi suka sauya masa kama. Ba haka abin yake ba. Duk dutsen da ya narke ya koma ruwa ya bar wannan aji, in ya huce sai ya shiga sahun duwatsun da ake samu daga narkakken dutse, irin na aman wuta.

Rikiɗa tana faruwa ne dutsen yana nan daskare. Kamar tukunyar yumɓu ce da aka gasa: ba ta narke ba, amma ba yumɓun jiya ba ce. Daga wajen digiri 200 na ma'aunin Selsiyos, ƙwayoyin sinadaran cikin dutsen sukan fara sauya mazauni sannu a hankali, su haɗu su samar da sababbin ma'adinai. Ta haka dutsen farar ƙasa ke zama marmara, wato mabul, ƙwayoyinsa su girma su sarƙe da juna.

Aikin matsi kuwa ya fi ba ni sha'awa. In ya fi ƙarfi ta ɓangare ɗaya, sai ma'adinai masu faɗi su kwanta a jere, shi ya sa wasu duwatsun ke da layi-layi, wasu kuma ke tsagewa falle-falle. Ana ganin wannan sosai a tsaunukan Himalaya, inda farantin Indiya, wato babban ɓangaren ɓawon duniya da ke ɗauke da Indiya, ya fara karo da na Asiya kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce, kuma har yau bai daina turawa ba.