Kaiseki da girkin gauraye a manyan gidajen abincin Japan

Kaiseki shi ne tsarin cin abinci mafi daraja a gargajiyar Japan, inda ake kawo wa baƙo abinci kaɗan-kaɗan, kwano bayan kwano, bisa jerin da kuku ya tsara. Abokin gogayyarsa a yau shi ne girkin gauraye, mai haɗa dabarun Japan da kayan miyar wasu ƙasashe.

Kaiseki ya samo tushe ne daga ɗan abincin da ake ci kafin shan shayi na al'ada, wanda gwanin shayi Sen no Rikyu (1522–1591) ya daidaita ƙa'idojinsa, kuma birnin Kyoto ne cibiyarsa har gobe. Akan fara da abin taɓa baki, sai romo, ɗanyen kifi da aka yanka falle-falle, gasasshe da dafaffe, a rufe da shinkafa, miyar miso (wata irin daddawar waken suya) da ɗan kayan marmari. Ƙashin bayan girkin shi ne dashi, romon ganyen teku da busasshen kifi. A 1908 masanin kimiyya Kikunae Ikeda ya gano sinadarin da ke ba wannan ganye ɗanɗanonsa, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. Ba a cika yaji ba, don haka wanda harshensa ya saba da attarugu zai iya cewa abincin lami ne, alhali da gangan aka yi hakan domin a ji ainihin kifin ko ganyen. Kakar shekara ce ke yanke abin da za a dafa. Hatta kwanon da aka zuba abincin da ganyen da aka ɗora a gefensa sukan sauya idan kaka ta shigo. A 2013 UNESCO ta sa al'adar abincin Japan cikin jerin kayan gadon ɗan'adam.

Girkin gauraye kuwa ƙaura ce ta haife shi. A 1899 jirgin ruwan Sakura Maru ya sauke Japanawa 790 a Peru, kuma a hannun zuriyarsu ne girkin Nikkei ya tsiro, inda ɗanyen kifi ya haɗu da lemun tsami da barkono. Kuku Nobu Matsuhisa, wanda ya yi aiki a Lima, babban birnin Peru, ya buɗe gidan abinci mai suna Nobu a New York a 1994 tare da ɗan wasan fim Robert De Niro, ya yi suna da kifin da ake jiƙawa a miso kafin a gasa. A 2025 gidan Maido na Lima, mai girkin Nikkei, ya zo na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 mafiya fice a duniya.

Sai dai iyakar da ke tsakanin girkin gargajiya da na gauraye ba a tsaye take ba. Tempura, wato kifi ko ganye da ake soyawa cikin ƙullun fulawa, da ake yi wa kallon ɗan gida, daga 'yan Fotugal aka koyo shi a ƙarni na 16.

Wajen zaɓi, abin dubawa shi ne wa ke riƙe da linzami. A gidan kaiseki baƙo ba ya zaɓar abin da zai ci. Sai an kama wuri tun da wuri, zaman kan kai awa biyu zuwa uku, wani lokaci a kan tabarmar tatami bayan an tuɓe takalmi, kuma wasu tsofaffin gidajen Kyoto ba sa karɓar baƙon da ba wanda ya gabatar da shi. Yawancin gidajen gauraye sun fi sassauci: akwai jerin abincin da baƙo zai zaɓa, ana ci tare a faranti guda, ga kiɗa da hira, abin da ya fi dacewa da taron jama'a. Rauninsu shi ne, idan kuku bai ƙware ba, miya mai ƙarfi kan binne kifin.

Ga Musulmi akwai ƙarin lura. Giyar shinkafa, wato sake da mirin, tana shiga romo da miya a ɓangarorin biyu, ko da babu nama a kwanon. Da yake gidan kaiseki kan shirya komai kafin baƙo ya iso, lokacin kama wuri ake faɗin abin da ba a ci.