Me ya sa gwajin korona da bin sawun masu cutar suka gagara a Kano?

Wai mene ne bin sawu, kuma ina haɗinsa da gwaji?

Idan gwaji ya tabbatar mutum yana ɗauke da ƙwayar cuta, ma'aikatan lafiya kan zauna da shi su yi masa tambayoyi: da wa kake kwana ɗaki ɗaya, gidan wa ka je ta'aziyya, wa ya zauna kusa da kai a mota? Duk wanda ya ambata sai a nemo shi a sa masa ido, a 2020 kwana 14 ake yi idan korona ce. Aikin gaba ɗaya ya rataya a wuyan gwaji. In sakamako ya yi mako bai fito ba, kafin a soma neman mutum goma sun riga sun haɗu da ɗari.

Ai Nijeriya ta yi wannan aiki lokacin Ebola har duniya ta yaba. Me ya sauya?

Cutar ce ta sauya. Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da Ebola Nijeriya, ya sauka Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014 yana cikin ciwo. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi barin asibiti, cutar kuma ta zama ajalinta, Allah sarki. An bi sawun kusan mutum 900, ana duba zafin jikinsu kullum har kwana 21, da taimakon jami'an da suka goge a yaƙi da shan inna. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar.

Mai Ebola ba ya yaɗa ta sai ciwo ya bayyana a jikinsa. Mai korona kuwa yana iya rarraba ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara tari, wani ma har ya warke bai san ya kamu ba. Ta ina za ka fara neman wanda shi kansa bai san yana da ita ba?

To me ya faru a Kano?

An tabbatar da mutum na farko ranar 11 ga Afrilun 2020. Ba a cika mako biyu ba aka dakatar da aiki a ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, saboda ƙarancin kayan aiki da kamuwar wasu ma'aikata. Sai aka koma kai samfur Abuja. A daidai waɗannan kwanaki masu haƙar kabari suka fara cewa gawarwakin da ake kawo musu sun wuce yadda suka saba, yawancinsu dattawa, ciki har da manyan malaman jami'a. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa jihar dokar kulle ranar 27 ga Afrilu.

A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Wannan adadi daga bakin iyalai aka samo shi, ta hanyar tambayar yadda mamacin ya yi jinya, domin Musulmi ba ya kwana ba a kai shi makwancinsa ba, ba a kuma ɗauki samfur ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai: 'yan uwan da suka yi jinya, suka yi wanka da sutura, suka cika zaure wajen zaman makoki, da yawansu babu wanda ya biyo sawunsu.

Me ke sa gwajin jinkiri?

Gwajin PCR, wanda ake gano ƙwayar korona da shi a ɗakin gwaji, na bukatar a zura tsinken auduga can cikin hanci, a ajiye samfur cikin sanyi, a samu wutar da ba ta yankewa da ƙwararrun ma'aikata. Sinadaran kuma daga waje ake shigo da su, a lokacin da manyan ƙasashe ke wawason su. Daga baya aka karkatar da wasu injinan GeneXpert na gwajin tarin fuka zuwa aikin.

Gaskiya ne mutane sun riƙa guje wa jami'ai?

Wasu sun kashe waya, wasu sun ɓoye sunaye. Amma ɗan achaba ko mai tura kura da sai ya fita zai ci, a ce ya zauna gida mako biyu ba tare da an kai masa ko kwanon masara ba, me ake so ya yi? Ga tsangwama: da zarar motar asibiti ta tsaya a ƙofar gida, masu fararen kaya suka fito, makwabta sun daina aiko yara.

Batun almajirai fa?

Gwamnonin Arewa sun yanke shawarar mayar da su jihohinsu ana tsakiyar annoba. Aka loda yara a motoci daga Kano, sai bayan sun isa Kaduna aka gwada aka samu gommai daga cikinsu da cutar. Kamata ya yi a gwada su tun a tsangayunsu, a killace masu ɗauke da ita a yi musu jinya a can, kafin a tayar da mota ko ɗaya.