Hawan jini: wai me ne ne yake hawa?

Kwanakin nan duk inda ka juya sai ka ji "hawan jini". Ɗan siyasa a rediyon gida, da muke saurare ta waya a nan Makka, yana cika baki zai sa wa 'yan adawa hawan jini kafin zaɓe. Wannan salon magana ne, bai dame ni ba. Masu ci mini tuwo a ƙwarya su ne masu ɗaukar kalmar a zahirinta, wai jini ne ya yi wa mutum yawa har ya hau masa ka.

Sunan ne ya cuce mu. Larabawa suna cewa "dagt", wato matsi, kuma nasu ya fi namu kama gaskiya. Abin da ke hawa shi ne ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya da shi. Jijiyar yaro tana buɗewa ta ba jini hanya, ta tsoho kuwa ta ƙage kamar tiyon da ya sha rana, dole zuciya ta ƙara ƙarfin bugu. Shi ya sa, cikin lambobi biyu da awon jini ke bayarwa, lambar sama ta fi tashi a wurin tsofaffi. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hawan jini ne, ko da mutum yana ta dariya.

Innata a Shara Mansur, wata unguwa a nan Makka, ta fi shekara tana riƙe da waccan fahimta. In kanta ya yi nauyi sai ta ce jini ya taru, a nemo mai ƙaho. In kai ya sake, sai ƙwayar maganin hawan jininta ta koma ƙasan jaka. Ban raina ƙaho ba, amma ba zai mayar da jijiya ɗanya ba.

Nas ce ta warware mata, a asibitin unguwa, Bahaushiya haifaffiyar nan. Muna shiga Inna ta miƙa hannu, ita kuwa ta ce, "Hajiya, a huta tukuna." Ta bar ta zaune minti 5, ta tambaye ta ko ta sha gahawa kafin fitowa, ta ɗora mata hannu a kan tebur daidai ƙirji, sannan ta ɗaura abin awon. Sai ta sa aka zazzage jakar magani, ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Kunya ta kama Inna. Daga nan aka shiga zancen tukunya: dunƙule nawa a miya, zaitun da cuku da safe fa? Gishirin yini kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ya ɓuya a cikin dunƙule. Likita ba ya samun lokacin wannan ƙididdigar, ni dai a ganina a nan rigakafin shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda yake.

Inna ta ce ai ita ba ta jin komai. Nas ta ce, "Haka yake, Hajiya, yawanci ba a ji." Kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Ta rubuta lambar ranar a kati, ta ce a dawo da jakar bayan sati biyu.