Masunta, ku daina sare kainuwa kuna tura ta cikin kogi

Makon jiya na sake tarar da abin a wani mashigi kusa da Yawuri: samari cikin kwale-kwale, kowa da adda, suna saran kainuwar nan mai shuɗin fure, suna tunkuɗa ta da gora ruwa ya tafi da ita. Na ce, samari, me kuke yi haka? Suka ce gyaran hanya, Malam. Wannan shi ne mashigi na uku da na ga haka a wata guda.

'Yan uwa, sau nawa za mu faɗa? Duk tushen da kuka raba kuka saki a ruwa, shuka kuka yi. Kowane zai fitar da 'ya'ya ta gefe, kuma idan ruwa ya yi mata daɗi, cikin kamar mako biyu ta ninka kanta. Kun huta yau, kun aika wa ƙauyen da ke ƙasa da ku wahala, na sama kuma sun aiko muku da tasu.

Muna cewa kainuwa dashen Allah, to wannan dai ɗan Adam ne ya yaɗa ta. Asalinta yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, kyan furenta ya sa aka yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa. A 1984 ta bayyana a ruwan Badagiri ta Legas, daga baya ta cika kogin Kwara har tafkin Kainji.

Na san zafin da kuke ji, wallahi na sani. Mutum ya yi sammako, ta naɗe masa taru, ta shaƙe farfelar inji, ya dawo hannu rabbana ga iyali na jira. Ga maciji a cikinta, ga sauro, ga dodon koɗin da ke kawo wa yara tsargiya. Amma fushi ba ya kashe ta, adda ma haka.

Akwai mai kashe ta, ɗan ƙwaro ne mai dogon baki, Neochetina, daga can Kudancin Amurka aka ɗauko shi. Babban yana gwaguyar ganye, tsutsarsa tana huda kara, ruwa ya shiga, ta ruɓe ta nutse. Ba ruwansa da shinkafarku ko albasa. An sake shi a Jamhuriyar Benin a 1991, an sake shi a Najeriya, kuma a tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka yana cikin abin da ya karya lagonta a ƙarshen shekarun 1990. Sai dai aikinsa na shekaru ne, ku kuma kullum kuna tura masa sabon aiki.

Abin yi ba shi da yawa:

- Ku jawo ta tudu, nesa da inda ambaliya ke kaiwa, ta bushe, a ƙone ko a yi taki.
- Ku cire ta kafin ta yi fure, irinta kan yi shekara 20 a laka bai mutu ba.
- In kun ga ganye da ƙananan tabo kamar an kankare, ƙwaron na nan, kada a yi feshi.
- Kada yara su kai ta kududdufi don ado.

Sarkin Ruwa, ranka ya daɗe, a sa ranar gayya, a fito da igiya da manjagara. Ranar kasuwa zan biyo in ga tarin da aka yi a tudu.