Me ya sa saitin DNS ke gogewa a Linux, kuma ta yaya zai zauna?

Shi DNS ɗin, mene ne aikinsa?

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ka rubuta sunan shafi, sai ta tambayi sabar DNS lambar adireshinsa kafin ta kai ka can. Tun 1983 Paul Mockapetris ya tsara wannan hanya. Yawanci rauta ko wayar da ka jona ce ke ba kwamfutarka sabar da za ta tambaya, ta hanyar DHCP, wato tsarin raba saitin haɗi, ba tare da ka sa hannu ba.

Na gyara /etc/resolv.conf, fayil ɗin da ke ɗauke da lambar sabar DNS, komai ya yi daidai. Da na sake kunna kwamfuta, sai aka koma gidan jiya. Me ya faru?

A yawancin Linux na yanzu, ba mutum ke rubuta wannan fayil ba. Wata manhaja ce, NetworkManager ko systemd-resolved, kuma duk sanda aka tashi kwamfuta ko aka sauya wayafai, sai ta sake rubuta shi. Kamar ka yi rubutu ne a allon da wani ke wankewa kowace safiya.

Buga `ls -l /etc/resolv.conf`. A Ubuntu, wani nau'in Linux, galibi za ka ga kibiya tana nuna `/run/systemd/resolve/stub-resolv.conf`, wato fayil ɗin nuni ne kawai zuwa wancan. Abin da ke cikin `/run` kuwa ba ya kwana idan an kashe kwamfuta. Lambar 127.0.0.53 da ke ciki ma ba kuskure ba ce. Systemd-resolved ne ke karɓar tambayoyin a nan, ya miƙa su ga sabar ta gaskiya.

To, ina zan rubuta?

Wajen manhajar da ke rubuta fayil ɗin. Idan NetworkManager ne, duba sunan haɗinka da `nmcli con show`, sannan:

`sudo nmcli con mod "sunan haɗi" ipv4.dns "1.1.1.1 8.8.8.8" ipv4.ignore-auto-dns yes`

`sudo nmcli con up "sunan haɗi"`

Kada ka tsallake `ignore-auto-dns`. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe: idan babu shi, sabar da rauta ta bayar tana nan tare da taka. Ka kuma sani kowane wayafai da saitinsa, na gida daban, na ofis daban.

A sabar Ubuntu, tun daga sigar 17.10, fayilolin `/etc/netplan/` ake gyarawa a ƙarƙashin `nameservers`, a bi da `sudo netplan apply`.

Wace lamba zan sa?

8.8.8.8 ta Google ce, tun 2009, 1.1.1.1 ta Cloudflare, tun 2018, 9.9.9.9 ta Quad9, wadda ke toshe shafukan da aka san suna yaɗa cutar kwamfuta. Duk wadda ka zaɓa, tana ganin sunayen shafukan da kake nema, don haka zaɓi wadda ka amince da ita.

Wani ya ce in kulle fayil ɗin da `chattr +i` in huta.

Ba na ba da wannan shawara. Idan fayil ɗin kibiya ce, umarnin ba zai ma karɓu ba. Idan kuma ya karɓu, ranar da ka kunna VPN ko ka jona wayafai na otal mai shafin shiga, abu zai iya cijewa, alhali ka manta ka taɓa kulle wani abu.

Ta yaya zan tabbatar ya zauna?

Kashe kwamfutar ka kunna, sai ka buga `resolvectl status`. Duba layin `DNS Servers` a ƙarƙashin haɗin da kake kai. Idan lambobinka kaɗai ke wurin, aiki ya yi.