Cocin Metropolitan Community

Cocin Metropolitan Community, wanda aka fi sani da MCC, ɗarikar Kiristoci ce da aka kafa a Amurka domin 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da masu sauya jinsi su sami wurin yin sujada ba tare da sun ɓoye kansu ba. Ana yi musu baftisma, ana ba su Jibin Ubangiji, kuma ana naɗa su fastoci.

Wanda ya assasa ta shi ne Troy Perry, tsohon faston wata ikilisiyar Fentikos da aka sallame shi bayan an gane cewa ɗan luwaɗi ne. Ya buga sanarwa a wata jaridar 'yan luwaɗi ta Los Angeles, kuma ranar 6 ga Oktoban 1968 mutum 12 suka hallara a falon gidansa da ke Huntington Park, a jihar Kalifoniya. Tun wajajen 1969 yake sa wa zaman masu jinsi ɗaya albarka, alhali dokar ƙasar ba ta san da irin wannan aure ba.

Shekarar 1973 ta zo wa mabiyan da zafi ƙwarai. A watan Janairu wuta ta cinye babban cocinsu na Los Angeles, sannan ranar 24 ga Yuni aka cinna wa mashayar UpStairs Lounge da ke New Orleans wuta, mutum 32 suka mutu, ciki har da faston reshen garin, Bill Larson. Wasu majami'un birnin sun ƙi ba da wurin da za a yi wa mamatan addu'a, kuma akwai gawawwakin da danginsu ba su zo ɗauka ba. Freda Smith ce mace ta farko da aka naɗa fasto a MCC.

A Janairun 2001 reshen Toronto da ke Kanada ya ɗaura auren jinsi, kotun Ontario kuwa ta tabbatar da shi a 2003. Perry ya sauka daga shugabanci a 2005, Nancy Wilson ta gaje shi.

Yawancin majami'un duniya, musamman na Afirka, suna ganin koyarwar ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki. MCC kuwa tana fassara ayoyin ta wata fuska. A Legas, Jide Macaulay ya buɗe reshen MCC mai suna House of Rainbow a 2006, amma barazanar da aka yi ta yi masa ta sa ya bar Najeriya a 2008, kafin dokar haramta auren jinsi ta 2014.